Farar Ƙasa Iri Biyu: Tarihin Ramukan Ƙanƙara da Dutsen da Daudawa Ke Zaune a Kansa

Akwai wata tambaya da 'yan'uwanmu mazauna Kaduna da Kano da Abuja da Legas suke yawan jefowa duk lokacin da aka zauna ana lissafin albarkatun yankinmu. Sukan ce, tun da Allah Ya hore mana farar ƙasa a maƙwabciyarmu Ƙanƙara, har ana lodinta a manyan motoci ana fita da ita, me ya hana a kafa mana masana'antar siminti kamar yadda aka kafa wa Sakkwatawa? Tambaya ce ta masu kishin gida, kuma ta cancanci a amsa ta a tsanake. Amsar tana ɓoye a cikin kalmar kanta, domin Bahaushe ya ɗauki suna ɗaya ya raɗa wa abubuwa biyu waɗanda ba su haɗa uwa ba, ba su haɗa uba ba.

Ta farko ita ce wadda ake sayowa a buhu daga kasuwa, wadda idan aka zuba mata ruwa tun tana sabuwar gashi take ɗaukar zafi har da tururi. Duk wanda ya yi firamare a zamaninmu ya san ta, domin da ita muke sa yara su shafe gindin itatuwa da duwatsun bakin hanya idan an ce sufeto na tafe. Wannan asalinta dutse ne, wanda a nan za mu riƙa kira dutsen siminti. Gasa shi ake yi da wuta mai tsanani sa'an nan ya koma gari. Ta biyu kuwa ita ce wadda ake haƙowa daga rami a ƙasar Ƙanƙara, mai laushi da santsi a hannu kamar hoda. Ita yumɓu ce, masana suna kiranta kawolin. Ba sai an je ɗakin bincike ba kafin a bambance su. A ɗiga wa dutsen siminti ruwan batir, nan take zai yi kumfa yana tsuwa. A ɗiga wa kawolin, ko gezau ba za ta yi ba. In kuwa aka taɓa busasshiyarta da harshe, sai a ji tana kamawa.

Daga wannan ɗan bambanci ne tarihin garuruwa biyu ya rabu, don haka bari mu fara da nesa kafin mu dawo gida.

Tekun da ya kwanta a Sakkwato

Wanda ya taɓa bin hanyar Funtuwa zuwa Sakkwato da idonsa buɗe ya ga abin da za mu faɗa. Daga Sheme zuwa Tsafe, zuwa Kwatarkwashi da Gusau, duwatsu ne manya-manya tsaye a hagu da dama. Amma da an wuce Talata Mafara an doshi Tureta sai su ɓace, ƙasa ta kwanta, tuddai su koma masu shimfiɗaɗɗen kai kamar an yanke su da wuƙa. Matafiyi ya fita daga tsohuwar ƙasa ke nan ya shiga wani babban kwari wanda ya faro daga Mali, ya ratsa Nijar, ya ƙare a ƙasar Sakkwato da Kabi. Masana ilimin duwatsu sun raɗa masa suna Iwullemeden, sunan wani babban reshe na Abzinawa.

A ƙiyasinsu, kimanin shekara miliyan 60 zuwa 70 da suka wuce ruwan teku ya sha malalowa cikin wannan kwari, ya daɗe, ya janye, ya sake dawowa. Teku ne marar zurfi, mai ɗumi, cike da halittu masu ɓawo irin su katantanwa da wasu ƙanana da ido ba ya gani. Suna mutuwa ɓawonsu na taruwa a ƙasan ruwa, wani kan wani, har tulin ya daskare ya zama dutse. Shi ne dutsen da ake fasawa a Kalambaina. Wanda ya tsinci gutsurensa ya duba da kyau yana iya ganin siffar halittun a jikinsa. A wajen Goronyo ma an tono ƙasusuwan wata ƙatuwar dabbar teku, har masana suka sa mata sunan garin, suka kira ta Goronyosaurus. Mai karatu ya dubi Goronyo a yau, da zafinta da ƙurarta, ya tuna cewa a da can kifaye ne suke yawo a wurin.

A kan wannan dutse aka kafa Kamfanin Siminti na Arewacin Nijeriya a 1962, zamanin Sardaunan Sakkwato Sir Ahmadu Bello. Ya fara aiki a 1967 da ƙarfin tan 100,000 a shekara. A 1985 aka buɗe sabon sashe mai tan 500,000, aka rufe na farko a shekarar da ta biyo. A 2000 aka sayar da hannun jarin gwamnati ga wani kamfanin ƙasar Norwe, daga baya harkar ta koma hannun BUA, wanda ya ƙara manyan sassa a 2018 da 2022. Jijiyar dutsen nan ba ta san iyakar da Turawa suka shata ba, domin irinsa ne ake fasawa a Malbaza ta Jamhuriyar Nijar.

Abin lura a nan shi ne yawan dutsen da siminti yake ci. Kafin a sami tan ɗaya na gasasshen tsakuwar da ake niƙawa ta zama siminti, sai an ƙona kayan haɗi kusan tan ɗaya da rabi, mafi yawansa dutsen nan, a wutar da ta kai digiri 1,450. Ke nan masana'antar da za ta fitar da tan miliyan ɗaya a shekara tana bukatar dutsen da zai ishe ta shekara talatin ko arba'in, kuma sai an huda ƙasa an auna an tabbatar yana nan kafin mai kuɗi ya sa ko kwabo. Gaskiya ne a cikin tsofaffin duwatsu irin namu akan ci karo da dutsen siminti da zafin ƙarƙashin ƙasa ya dafa ya zama mabul, kuma da irinsa ake aiki a Obajana da Okpella. To amma abin da ake haƙa a Ƙanƙara ba shi ba ne, kuma tekun da ya yi wa Kalambaina kyauta bai bar mana nasa rabon ba. Mu a kan tudu muke a lokacin. Ƙoramunmu ne ma suke kwasar yashi da laka suna kai masa.

Dutsen da muke zaune a kansa

Daudawa da Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara duk a kan abu ɗaya suke, wato gindin ƙasa, tsohon dutsen da sauran shimfiɗu suke hawa kansa. Idan aka gwada shekarunsa da na dutsen Kalambaina, na Kalambaina jariri ne. Manyan duwatsun da muke gani tsaye a dawa sun samu ne kimanin shekara miliyan 600 da suka wuce, lokacin da wasu manyan ɓangarorin ƙasa suka gwabza da juna, dutse ya narke a can ƙasa, ya taso bai kai ga fitowa ba, ya huce a hankali. Iska da ruwa ne suka yi ta zaizaye abin da ya rufe shi har ya bayyana.

Baturen da ya fara rubuta bayanin duwatsun Arewa a tsare shi ne J. D. Falconer, wanda ya yi aikin binciken ma'adinai a Arewa a farkon mulkin Turawa, ya fitar da littafinsa a 1911. Shi ne ya raba duwatsun giranit na ƙasar nan gida biyu. Ya kira na Jos da kewaye ƙanne, su ne masu kuza. Irin namu kuwa ya kira su yayye. Wannan rabo ya yi tasiri a kanmu fiye da yadda muke zato, domin Turawa kuza suke nema, saboda haka suka tattara hankalinsu da jarinsu da layin dogonsu suka nufi Jos. Ko da aka kafa Hukumar Binciken Duwatsu ta Nijeriya a 1919, shi aka ba shugabancinta, kuma ƙasar kuza ce ta fara cin moriyar aikinta.

Yanzu a ɗauki gutsuren dutsen namu, irin wanda ake fasawa a yi harsashin gini, a kai shi rana a duba. Za a ga ƙwayoyi iri uku. Akwai mai kama da gilashi, mai tauri, wadda ruwa ba ya iya ci. Akwai 'yan ɓaɓɓaku ko masu ruwan azurfa da suke ƙyalli suna ɓarewa falle-falle. Sa'an nan akwai fara ko mai ɗan ja-ja, wadda ta fi yawa, ita ake kira felsifa. Wannan ta ukun ita ce uwar farar ƙasar Ƙanƙara. Ruwan sama da ya ratsa ruɓaɓɓen ganye yakan ɗauki ɗan tsami, ya bi tsagar dutse ya sauka, ya yi ta lasar felsifa yana wanke gishirin da ke cikinta. Abin da ya rage bayan dubban dubban shekaru shi ne farin yumɓu. Ƙwayar gilashin kuwa, da yake ba ta narkewa, ita ce yashin da muke ɗiba a rafi. Wato dai dutse ma yana ruɓewa, kuma kawolin ruɓaɓɓen dutse ce. Inda dutsen yake da felsifa da yawa, baƙin ƙarfe kaɗan, sai yumɓun ya fito fari tas. Inda baƙin ƙarfe ya yi yawa sai ya yi tsatsa, a sami jar ƙasa da marmara.

Duk wannan a rubuce yake a bangon kowane rami mai zurfi, kamar darasi a allo. A sama akwai ƙasar noma, ba ta da kauri. Ƙarƙashinta marmara, ja, mai tauri, wadda take wahalar da mai diga. Daga nan sai ƙasa mai dabbare-dabbare, ja da rawaya da fari a cakuɗe. Sai fara. Idan aka ci gaba da nutsawa sai a tarar da dutsen da ya ruɓe amma bai gama ba, yana da kamannin dutse, amma yana marmashewa a hannu. A ƙarshe diga ta yi ƙara, an iso uwar dutse. Masu haƙar rijiya na gargajiya sun san wannan jeri tun kafin a haifi Falconer, kuma da shi suke gane ko ruwa ya kusa. Da a ce muna kai 'yan aji shida bakin irin wannan rami da rani, da darasin labarin ƙasa bai zama haddar sunayen kogunan Turai ba.

Sunan kawolin kansa daga Sin ya zo, daga wani tudu da ake kira Gawolin kusa da birnin Jingdezhen, inda Sinawa suka yi ɗaruruwan shekaru suna haƙar irin wannan ƙasa suna yin tangaran. Turawa sun daɗe suna sayen tangaran da tsada ba su san sirrinsa ba. A tsakiyar ƙarni na 18 wani mai haɗa magunguna, William Cookworthy, ya gano irin ƙasar a yankin Konwol na Ingila, a jikin ruɓaɓɓen giranit, kamar dai yadda take a wurinmu. Wannan yanki ya rayu da ita fiye da shekara ɗari biyu.

Daga shafen ɗaki zuwa masana'anta

Iyayenmu ba su jira wani ya zo ya gaya musu amfanin farar ƙasa ba. Da ita ake shafe ɗakin amarya, da ita ake gyara zaure da soro idan salla ta gabato, kuma 'yan koli da masu jakuna sun daɗe suna yawo da ita kasuwa-kasuwa. Haƙa ce ta rani, bayan an kai amfanin gona gida. Mutum da 'ya'yansa, da diga da shebur da kwando da igiya, a ɗebi abin da za a iya ɗauka, damina ta zo a koma gona.

Su kuwa Turawan mulki, abin da suka gani a yankinmu ƙasar sama ce. Ruɓewar dutsen nan da muka bayyana, tare da ƙurar da iskar hunturu ta yi ta jibgewa a kai, ita ta ba mu ƙasa mai riƙe ruwa wadda auduga take so. Shi ya sa a shekarun 1920 aka kafa gonar irin auduga a Daudawa, aka shimfiɗa layin dogo daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau ya isa Ƙauran Namoda a 1929, aka kafa injinan gurzar auduga. Sunan Daudawa ya shiga rahotannin aikin gona na Ingila ta dalilin auduga. Amma a dubi yadda cinikin ya kasance. Mu ne da noma, mu ne da tsinka, a gurje a ɗaure dila-dila a sa a jirgi, sa'an nan a dawo mana da atamfa mu saya. Sai a 1957 aka buɗe masaƙar zamani ta farko a Kaduna. Mun kawo wannan ne domin abin da ya sami auduga shi ne ya sami farar ƙasa, sai dai ita ba ta sami ko layin dogo ba.

Hankalin hukuma ya karkato gare ta ne a shekarun 1980, lokacin da kuɗin mai ya ja baya, aka shiga tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, masana'antu suka rasa kuɗin waje na sayo kayan aiki. A 1987 aka yi dokar kafa majalisar binciken albarkatun da masana'antu ke sarrafawa, kuma a watan Satumba na shekarar aka ƙirƙiro Jihar Katsina. Sabuwar jiha tana neman abin da za ta tsaya a kai, ƙasa kuma tana neman abin da zai maye gurbin na waje. A cikin wannan yanayi ne sunan Ƙanƙara ya fito, har aka gina masana'antar tace farar ƙasa a garin, da burin samar da irin wadda masu haɗa magunguna da sauran masana'antu suke bukata. An yi murna, an sa rai. Sai dai shekarun da ta yi a rufe sun fi waɗanda ta yi tana aiki, kuma gwamnatoci sun sha yin maganar farfaɗo da ita.

Yana da kyau 'yan'uwa su san abin da irin wannan masana'anta take yi, don a gane inda riba take da kuma inda gizo ke saƙar. Ƙasar da aka haƙo daga rami cakuɗe take da yashi da ƙyalli. Sai an jiƙa ta a ruwa mai yawa an dama, yashi ya kwanta, a tsiyaye farin ruwan, a tace, a matse, a busar, a niƙa, a auna farinta da laushinta, sa'an nan a zuba a buhu. Aikin ba shi da wuyar fahimta, amma yana son ruwa kullum, da wutar lantarki kullum, da mai saye wanda ya tabbata cewa buhun da zai karɓa a watan gobe daidai yake da na watan jiya. Mai yin fenti ko takarda ko magani ba ya sayen kaya yau fari gobe ja-ja. Idan ɗaya daga cikin ukun nan ya yanke, inji ya tsaya. Ga shi kuma masana'antun Kaduna da Kano da ya kamata su zama kasuwarta su ma sun yi ta rufewa tun daga shekarun 1990. Da inji ya tsaya sai aka koma gidan jiya. Mota ta zo bakin rami, a loda ɗanyar ƙasa da arha, a tace ta a wani gari, ribar ta zauna can.

Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne, a duniyar ilimi farar ƙasar Ƙanƙara ba ta taɓa rufewa ba. Malamai da ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya sun yi shekaru suna ɗibarta suna gwaje-gwaje, kuma sunanta ya shiga mujallun kimiyya na ƙasashen waje. Tatacciyar kawolin kusan kashi 40 cikin ɗari nata sinadarin alumina ne, wanda daga gare shi ake samun gorar ruwa da alif ɗin da hukumomin ruwa suke tace ruwan famfo da shi. An gwada ta wajen yin alif, an gwada ta wajen yin bulo mai jure wutar maƙera da masana'antu, an gwada ta wajen haɗa sinadarin da matatun mai suke amfani da shi. Ɗalibai da yawa sun sami digiri a kanta. Mai haƙarta kuwa har yanzu da diga yake shiga rami.

Akwai kuma wani sabon abu da ya dawo da mu kan tambayar da muka fara da ita. Masana a Suwizalan da Kuba da Indiya sun nuna cewa idan aka gasa yumɓu mai kawolin a wutar da ba ta wuce digiri 800 ba, aka niƙa shi tare da ɗanyen dutsen siminti, yana iya maye gurbin kusan rabin gasasshen tsakuwar nan mai cin wuta da tsada, kuma simintin ya yi ƙarfi. An riga an kafa masana'antun da ke aiki da wannan hanya a Kolombiya da Gana. Abin sha'awa, wannan aiki ba ya bukatar fara tas. Mai dabbare-dabbaren nan da masu haƙa suke turewa gefe tana iya wadatarwa, in dai kawolin ɗin cikinta ya kai kimanin kashi 40. Saboda haka wanda ya ce farar ƙasarmu tana da alaƙa da siminti bai yi kuskure gaba ɗaya ba. Ƙasarmu ba za ta zama Kalambaina ba, amma tana iya zama abokiyar aikinta. A ganinmu, ɗan yankin nan da yake da ƙafa a ma'aikatar ma'adinai ko a kamfanin siminti, wannan ce maganar da ya kamata ya riƙa ɗauka, maimakon roƙon abin da ƙasa ba ta ba mu ba.

Ramin da aka bari

Kowace haƙa tana da ranar ƙarewa, ko don jijiya ta yanke, ko don ruwa ya ci ramin, ko don kasuwa ta mutu. Mai mota ya tafi, rami ya zauna. Yumɓu ba ya barin ruwa ya tsotse, don haka da damina ramin farar ƙasa yakan zama tafki mai gangare da santsi, wanda yaro ko saniya in suka zame ba su da abin kamawa. Da rani kuma bangon da aka rarake ƙarƙashinsa ana bin fara yana iya ruftawa ba sallama. Ƙasar noman da aka ture ta cakuɗe da marmara, gona ta mutu, sauro ya sami gida.

Kawolin dai ba guba ba ce. Amma tsohon dutsen nan namu yana ɗauke da wani abin da ya fi ta jan hankali, wato zinariya, a jijiyoyin da suka bi ta Birnin Gwari da Maru da Anka. Turawa sun haƙe ta a shekarun 1930, Yaƙin Duniya na Biyu ya sa aka watsar, ramukan suka zauna shekara da shekaru har tsadar zinariya ta sa aka koma musu. Abin da ya biyo baya sananne ne. A 2010 aka gano cewa dutsen da ake kaiwa gida ana daka shi a ƙauyukan Anka da Bukkuyum yana da dalma, kuma yara aƙalla 400 suka rasu. A 2019 Gwamnatin Tarayya ta hana haƙar ma'adinai a Zamfara saboda matsalar tsaro, ba ta ɗage ba sai a ƙarshen 2024. Mu da muke maƙwabtaka da dazuzzukan nan ba sai an ba mu labari ba. Sace ɗaliban makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a watan Disamba na 2020 ya sa duniya ta san sunan garin ta hanyar da babu wanda ya so, kuma babu mai zuba jari a wurin da lebura yake tsoron kwana.

A Konwol ɗin da muka ambata, wani ramin farar ƙasa da aka gama cinyewa an mai da shi lambun tsirrai na duniya, aka buɗe shi a 2001, mutane suna biyan kuɗi su shiga kallo. Ba mu ce a yi haka a nan ba, kowa da kiwon da ya karɓe shi. Amma ramin da yake riƙe ruwa har watan Janairu, idan aka sassauta gangarensa aka kewaye shi, mashayar dabbobi ce, kuma wurin noman rani ne ko kiwon kifi.

Doka ma ba ta yi shiru ba, mu ne ba mu karanta ta ba. Tsarin mulkin 1999, sashe na 44, ya ce duk ma'adinin da ke ƙarƙashin ƙasa na Gwamnatin Tarayya ne, ko da a gonar gadonka yake. Wannan kowa ya sani, kuma shi ne yake sa mutanenmu su saki jiki su ce ba ruwansu. Abin da ba a cika sani ba shi ne, Dokar Ma'adinai ta 2007 ta ce mai neman lasisi a kan wata ƙasa sai ya nemi yardar mai ita ko mazauninta. Ta ce kafin mai lasisin haƙa ya fara aiki sai ya ƙulla yarjejeniya a rubuce da al'ummar wurin kan abin da za su amfana da shi, kamar makaranta ko asibiti ko hanya ko koyar da sana'a, kuma a sake duba yarjejeniyar duk bayan shekara biyar. Ta kuma ɗora masa nauyin gyara ƙasar idan ya gama. Takardar yarda da dattijo zai dangwala wa hannu a zaure, ba tare da wani ɗansa mai ilimi ya karanta masa ba, tana iya ɗaure gonar jikokinsa shekaru masu yawa.

A nan ne mazauna birni suke da aikin da na gida ba za su iya ba. Ofishin rajistar lasisin ma'adinai yana Abuja, kuma a can ake ajiye taswirar da ta nuna wanda yake riƙe da kowane yanki. Muna da lauyoyi da injiniyoyi da ma'aikata a garin. Mutum biyu sun isa su nemo jerin lasisin da ya shafi ƙasar Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara, su fassara shi da Hausa, a miƙa wa hakimai da dagatai. Cikin ɗaliban da ake taimaka wa da kuɗin karatu, a ware gurbi ko ɗaya ne ga mai son karanta ilimin duwatsu a Zariya, domin likita da lauya muna da su, amma wanda zai karanta mana rahoton huda ƙasa sai mun yi aro. Sa'an nan akwai dattawan da suka yi haƙar nan da hannunsu, waɗanda suka san inda fara take kusa da inda take nesa, da ramin da ya taɓa ruftawa, da sunan da ake kiran kowane wuri. Wannan sani ba ya cikin taswirar Abuja. Ɗalibin da ya zo hutu da waya a hannunsa yana iya zama da su ya ɗauki muryarsu, ya rubuta sunayen wuraren, a ajiye kwafi a makarantar firamare, a ajiye wani a wurin sakataren ƙungiya.